Koyon sana'a ta intanet ga masu ƙaramin ƙarfi a Najeriya

Koyon sana'a ta intanet ga masu ƙaramin ƙarfi tsari ne na bayar da horo ta wayar hannu ko kwamfuta ga mutanen da abin da suke samu bai isa ya biya masu kuɗin makaranta ba, domin su samu aikin yi ko su inganta sana'ar da suke kai. Waɗanda ake nufi da shi sun haɗa da matasan da suka gama karatu ba su samu aiki ba, da leburori, da ƙananan manoma, da masunta, da masu sana'ar hannu, da mata masu sana'a a cikin gida. A Najeriya tsarin ya fara bayyana sosai daga shekarar 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin N-Power, ya kuma ƙara faɗaɗa da shirin 3MTT a 2023. Masu goyon bayansa suna ganin yana rage tsadar horo, yana kuma kai ilimi wuraren da babu makarantun koyon sana'a. Masu sukarsa kuwa suna cewa waɗanda suka fi bukatarsa su ne waɗanda ba su da waya, ko wutar lantarki, ko Turancin da ake koyarwa da shi. Ƙasar Yauri da ke kudancin Jihar Kebbi tana cikin yankunan da ake iya ganin ɓangarorin biyu na wannan muhawara.

Ma'ana da ire-irensa

Ana raba horon ta intanet gida uku bisa yadda ake gudanar da shi. Na farko shi ne wanda mai koyo yake bi shi kaɗai a lokacin da ya ga dama: yana kallon bidiyo, ya karanta darasi, ya amsa tambayoyi, idan ya ci a ba shi takardar shaida. Na biyu shi ne aji na kai tsaye, inda malami da ɗalibai suke haɗuwa a lokaci guda ta manhajoji irin su Zoom, ko a zaurukan WhatsApp da Telegram. Na uku shi ne haɗaka, wato a koyi darasi ta intanet sannan a riƙa haɗuwa ido da ido a wata cibiya domin gwaji da hannu.

Ta fuskar abin da ake koyarwa ma akwai bambanci. Wani horon na sana'ar kwamfuta ce kanta, kamar rubuta manhaja, da zanen hoto, da nazarin alƙaluma. Wani kuma intanet hanya ce kawai ta isar da shi, amma sana'ar ta gargajiya ce, kamar ɗinki, da kiwon kaji, da gyaran waya, da haɗa sola, da yin sabulu. Akwai kuma horon da ake yi wa mai sana'a kan yadda zai tallata hajarsa a Facebook ko WhatsApp, ya karɓi kuɗi ta banki, ya riƙa rubuta shiga da fitar kuɗinsa.

Tarihi

Koyo daga nesa ya girmi intanet. A shekarun 1840 Isaac Pitman ya riƙa koyar da rubutun gaggawa ta gidan waya a Ingila, kuma a 1858 Jami'ar Landan ta buɗe ƙofar yin jarrabawarta ga waɗanda ba sa zaune a cikinta. A zamanin mulkin mallaka 'yan Najeriya da yawa, musamman malaman makaranta da akawuna, sun yi karatu ta wasiƙa da makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results College. A Arewa, gangamin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya koya wa manya karatu da rubutu da Hausa, hukumar NORLA da ke Zariya kuma ta buga masu ƙananan littattafai. An kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 domin horar da malaman firamare daga nesa. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa a 1989, wadda aikinta ya shafi 'ya'yan masunta masu ƙaura, ta yi amfani da rediyo wajen koyarwa.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. Kafin wayoyin zamani su yawaita, an yi gwaje-gwaje da ƙananan wayoyi. A Jamhuriyar Nijar, shirin ABC da ƙungiyar Catholic Relief Services ta fara a 2009 a ƙauyukan jihohin Dosso da Damagaram ya sanya koyon amfani da waya cikin azuzuwan yaƙi da jahilci na Hausa da Zabarmanci. Binciken da Jenny Aker ta Jami'ar Tufts da abokan aikinta suka wallafa a 2012 ya nuna cewa manyan da aka koya wa waya sun fi takwarorinsu cin maki a rubutu da lissafi. A Najeriya kuma, a 2012 ma'aikatar gona ƙarƙashin Akinwumi Adesina ta fara aika wa manoma saƙon karɓar taki ta waya, wanda ya sa manoma da yawa suka fara ganin waya a matsayin kayan aiki.

A duniya, shekarar 2012 ce aka ƙaddamar da Coursera da edX da Udacity, waɗanda suka buɗe darussan manyan jami'o'i ga duk mai intanet. Annobar korona ta 2020, wadda ta sa aka rufe makarantu da wuraren horo, ta tilasta wa hukumomi da yawa komawa koyarwa ta intanet.

Shirin N-Power

Gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da N-Power a watan Yunin 2016 a matsayin ɗaya daga cikin shirye-shiryenta na tallafa wa jama'a. An tsara shi domin matasa 'yan shekara 18 zuwa 35, kuma an riƙa neman shiga ne ta intanet kawai, haka ma gwajin tantancewa. Rukunin farko na mutum 200,000 ya fara aiki a ƙarshen 2016, rukuni na biyu na mutum 300,000 ya biyo baya a 2018. Masu takardar shaidar babbar makaranta an riƙa biyan su naira 30,000 a wata, ana tura su koyarwa a makarantun firamare, ko aiki a asibitocin sha-ka-tafi, ko aikin malaman gona. An ba da yawa daga cikin 'yan rukunin farko ƙananan kwamfutocin hannu da aka zuba wa darussa, domin su riƙa koyon aikin da aka tura su yi ko da babu sabis.

Ga waɗanda ba su da babbar takarda an ware ɓangarori kamar N-Build, wanda ya ƙunshi gini da kafinta da aikin famfo da wayarin da walda da kanikanci, da N-Knowledge, wanda ya ƙunshi gyaran kwamfuta da waya da rubuta manhaja da zanen hoto mai motsi. Waɗannan ɓangarori ba su dogara ga intanet kaɗai ba, domin ana kai masu koyo sansanin horo sannan a tura su wurin ubangida.

A 2019 aka mayar da shirin ƙarƙashin sabuwar Ma'aikatar Jinƙai da Sadiya Umar Farouq ta jagoranta. Da aka buɗe neman shiga rukuni na uku a watan Yunin 2020, sama da mutum miliyan biyar ne suka nema, alhali gurbin da aka ware miliyan ɗaya ne. An yi ta koke-koke kan jinkirin biyan alawus, kuma a watan Oktoban 2023 gwamnati ta dakatar da shirin domin bincike. Wani abin da aka fi sukar shirin a kai shi ne rashin tabbataccen tsari na abin da mutum zai yi bayan ya kammala, duk da cewa an buɗe shafin NEXIT a ƙarshen 2020 domin haɗa waɗanda suka gama da rancen Babban Bankin Najeriya.

Manufar tattalin arzikin zamani da shirin 3MTT

A watan Nuwamban 2019 aka ƙaddamar da manufar ƙasa ta tattalin arzikin dijital ta shekarun 2020 zuwa 2030, lokacin da Isa Ali Ibrahim Pantami yake ministan sadarwa. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, wadda aka kafa a 2001, ita ce kan gaba wajen aiwatar da ɓangaren horo, kuma burin da aka sanya shi ne kashi 95 cikin 100 na 'yan ƙasa su iya amfani da na'urorin zamani kafin 2030. A 2020 aka buɗe shafin Digital Nigeria mai ɗauke da darussa kyauta.

Shirin 3MTT an fara shi ne a ƙarshen 2023 ƙarƙashin ministan sadarwa Bosun Tijani, da burin horar da mutum miliyan uku. Zangon farko ya ɗauki mutum 30,000, na biyu kuma aka tsara shi domin mutum 270,000, daga jihohi 36 da Abuja. An fara da fannoni 12, ciki har da rubuta manhaja, da tsaron intanet, da nazarin alƙaluma, da ƙirƙirarriyar basira, da zanen fuskar manhaja. Tsarinsa na haɗaka ne: mai koyo yana bin darasi ta intanet, sannan yana zuwa wata cibiya a jiharsa domin aiki tare da sauran ɗalibai. Yawancin waɗannan fannoni suna bukatar kwamfutar tafi-da-gidanka da Turanci mai ƙarfi, don haka shirin ya fi dacewa da wanda ya riga ya yi karatun boko mai zurfi.

Akwai tsofaffin hukumomi da suka riga waɗannan shirye-shirye, waɗanda yanzu su ma suke karɓar masu nema ta intanet. Asusun horar da ma'aikata na ITF mai hedikwata a Jos an kafa shi a 1971, hukumar samar da aikin yi ta NDE kuma a tsakiyar shekarun 1980. A 2020 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 domin shirin IDEAS na inganta koyon sana'a a Najeriya.

Kamfanoni da ƙungiyoyi

Kamfanin Google ya yi alkawari a 2016 zai horar da matasan Afirka miliyan ɗaya dabarun amfani da intanet, ya kuma sanar da cika alkawarin a 2017. A cikin wannan shekara shugaban kamfanin, Sundar Pichai, ya ziyarci Legas, inda ya ɗaga adadin zuwa miliyan goma cikin shekara biyar, tare da cewa za a samar da darussan da harsunan da suka haɗa da Hausa da Swahili da Zulu. A Kaduna, shirin Click-On Kaduna na 2018, wanda Bankin Duniya da gidauniyar Rockefeller suka tallafa, ya koya wa matasa yadda ake neman aikin ƙwadago a shafukan intanet na ƙasashen waje. Kamfanin Jobberman tare da gidauniyar Mastercard sun fara horo kyauta a 2020 kan ɗabi'un aiki, kamar rubuta takardar neman aiki da mu'amala da abokin ciniki, inda suka fi mayar da hankali kan Legas da Kano da Kaduna.

A Kano, cibiyar CITAD ta daɗe tana koyar da kwamfuta da fafutukar kai intanet karkara. Cibiyar Engausa, wadda Mustapha Habu Ringim ya kafa a Kano, ta yi suna wajen koyar da gyaran waya da haɗa sola da kyamarorin tsaro da Hausa, har ga almajirai da waɗanda ba su yi boko ba. Ta fuskar noma, ƙungiyoyin Access Agriculture da SAWBO suna da bidiyoyin koyarwa da aka fassara zuwa Hausa, waɗanda ake iya saukewa a tura wa wani ba tare da data ba.

Ƙasar Yauri da gaɓar Tafkin Kainji

Masarautar Yauri ɗaya ce daga cikin masarautu huɗu na Jihar Kebbi, tare da Gwandu da Argungu da Zuru. Ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku: Yauri mai hedikwata a Yelwa, da Ngaski mai hedikwata a Wara, da Shanga. Birnin Yauri, tsohuwar fadar masarautar, yana cikin ƙaramar hukumar Ngaski a yau, fadar sarki kuma tana Yelwa tun ƙarshen ƙarni na 19. Sarkin Yauri, Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya hau gadon sarauta a 1999, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ne. An ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma tsakanin Yelwa da Birnin Kebbi akwai tafiyar kusan kilomita 200.

An gina madatsar ruwa ta Kainji tsakanin 1964 da 1968. Tafkin da ta haifar ya cinye tsibirai da garuruwa da yawa, har aka sake wa kimanin mutum 44,000 matsuguni, ciki har da Gungawa da suka zauna a tsibiran Kogin Neja. Manyan sana'o'in yankin su ne su, da noman shinkafa da albasa da gero da dawa da wake, da kiwo, da sufurin jiragen ruwa, da haƙar zinari ta gargajiya. Kasuwar Yelwa ta shahara da albasa da kifi banda, waɗanda ake lodinsu zuwa kudancin ƙasar ta babbar hanyar da ta ratsa Kontagora.

Shirye-shiryen tarayya irin su N-Power sun shafi dukkan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar, don haka matasan Yauri da Ngaski da Shanga suna da damar nema kamar kowa. Wanda ba shi da babbar waya ko bai iya cike fom ba yakan je shagon kwamfuta a cike masa, ya biya ladan aiki, ko da yake rajistar kanta kyauta ce. Ana kuma bukatar lambar BVN ta banki, wadda aka ɓullo da ita a 2014, da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, wadda aka wajabta haɗa ta da layin waya daga Disamban 2020. Mazaunin tungar masunta da ba shi da asusun banki sai ya fara yin tafiya zuwa gari ya mallaki waɗannan kafin ya iya neman horon.

Fannonin da manyan shirye-shirye suke koyarwa ba su cika dacewa da sana'o'in gaɓar tafki ba. Abin da ke cin ribar masunci shi ne lalacewar kifi kafin ya kai kasuwa, da tsadar man injin jirgi, da raguwar kifi saboda amfani da taru mai ƙananan idanu. Manomin albasa kuma babbar asararsa a wajen ajiya take, domin yana sayarwa da arha lokacin kaka saboda tsoron ruɓewa. Ilimin da ya shafi waɗannan matsaloli yana nan kusa: a New Bussa ta Jihar Neja akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta NIFFR da kwalejin tarayya ta koyar da fasahar kiwon kifi, kuma a shekarun 1990 an gudanar da wani shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na kula da su a tafkin. A cikin jihar akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, da Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Gajeren bidiyo ko saƙon murya da Hausa kan gasa kifi a murhu mai rufi, ko kan shanya albasa kafin a zuba a rudu, ya fi kusa da bukatar waɗannan mutane fiye da kwas na wata uku kan rubuta manhaja.

Noman shinkafa ya ƙara jawo manoman jihar cikin harkar banki da waya tun daga ranar 17 ga Nuwamba, 2015, lokacin da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, domin sai mai asusu da BVN aka riƙa ba rancen. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 shi ma ya tilasta wa 'yan kasuwa da yawa koyon karɓar kuɗi ta tiransifa, sana'ar POS kuma ta yaɗu a garuruwa da kasuwannin ƙauye. Yawancin masu wannan sana'a sun koye ta ne daga abokai da wakilan kamfanoni, ba daga wani kwas ba.

Batun harshe

Kusan duk manyan darussan intanet da Turanci ake yin su, kuma ba Turancin kasuwa ba, na littafi. A ƙasar Yauri kuwa ana magana da harsuna da dama. Gungawa suna magana da Reshe, wanda yake cikin reshen harsunan Kainji, haka ma harsunan Kambari da na Lopawa da Dukkawa. Harshen Shangawa yana cikin dangin Mande, kuma da yawa daga cikin masu shi sun koma Hausa. Akwai kuma Fulani, da Sarkawa waɗanda suka shahara da su, da Nufawa da Yarbawa da sauran baƙi 'yan kasuwa. Hausa ce harshen kasuwa da ya haɗa su duka. Saboda haka darasin Turanci ga ɗan Kambari yakan zama darasi da harshe na uku.

An samu ci gaba wajen shigar Hausa cikin na'urori. Manhajar fassara ta Google ta sanya Hausa a Disamban 2013, Facebook kuma ya samar da fuskar Hausa a 2016. A wannan shekarar ce kamfanin Airtel ya fara layin 321, inda mai ƙaramar waya yake kira ya saurari bayani kan noma da lafiya da harsunan da suka haɗa da Hausa. Duk da haka akwai matsalar kalmomin fannu. Wasu malamai suna aron kalmar Turanci su daidaita ta da lafazin Hausa, kamar kwamfuta da data da sabis, wasu kuma suna ƙirƙirar sabuwa, kamar manhaja da na'ura mai ƙwaƙwalwa da ƙirƙirarriyar basira. Mai koyo da ya saba da fassarar Hausa zalla yakan rikice idan ya buɗe manhaja ya tarar da komai da Turanci, shi ya sa masu koyarwa da yawa suke gauraya harsunan biyu, salon da ake kira Ingausa. Rubutu ma yana da nasa cikas, domin haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba kowane allon rubutu na waya ke da su ba, kuma akwai manya da suka iya ajami ba su iya boko ba. Wannan ne ya sa saƙon murya da bidiyo suka fi rubutu karɓuwa a karkara.

Ƙalubale

Kuɗi shi ne cikas na farko. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya tashi daga naira 18,000 zuwa 30,000 a 2019, sannan zuwa 70,000 a 2024, amma yawancin masu ƙaramin ƙarfi ba sa aikin albashi. Rahoton hukumar ƙididdiga ta ƙasa na Nuwamban 2022 ya nuna cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma kashi 65 cikin 100 na waɗannan suna Arewa. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, farashin waya da kwamfuta ya tashi, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Darasin bidiyo yana cin data fiye da kowane irin darasi. Akwai kuma lokacin da mai koyo yake rasawa, domin lebura ko ɗan acaɓa da ya zauna kallon darasi ya rasa cinikin wannan wuni.

Wutar lantarki da sabis su ne cikas na biyu. Duk da cewa tashar Kainji, wadda aka gina da ƙarfin megawat 760, tana kan wannan tafki, wutarta tana shiga babban layin ƙasa ne, kuma ƙauyuka da tungaye da yawa na gaɓar ruwa suna dogara ga sola da janareta da shagunan cajin waya. Tsarin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sanya burin intanet mai sauri ya kai kashi 70 cikin 100, amma a ƙarshen 2024 bai kai kashi 50 ba, kuma birane ne suka fi samu.

Rashin tsaro ya shafi ilimi a yankin kai tsaye. A ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka kai hari Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka sace ɗalibai da malamai, kuma wasu daga cikin ɗalibai mata sai a 2023 suka kuɓuta. Irin wannan yanayi yana sa iyaye su ji tsoron tura 'ya'yansu nesa, wanda hujja ce ga masu goyon bayan koyo daga gida. Sai dai a watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga, wanda ya tsayar da duk wata harka ta intanet a wuraren na tsawon makonni.

Mata sun fi maza ƙarancin mallakar babbar waya, kuma a gidaje da yawa sai da izinin miji ko uba mace take shiga intanet. A ɗaya ɓangaren, matan aure da ba sa fita sun samu hanyar koyon girke-girke da haɗa turare da ɗinki a azuzuwan WhatsApp da wasu mata suke buɗewa da kuɗi kaɗan, suna kuma sayar da kayansu ta nan.

Damfara ma ta zama ruwan dare. Ana ƙirƙirar shafukan bogi da sunan shirye-shiryen gwamnati, a nemi kuɗin rajista ko lambar sirri ta katin banki. Wasu kuma suna fakewa da sunan horo su jawo mutane cikin tsarin zuba kuɗi na yaudara, irin MMM da ya rushe a ƙarshen 2016. Hukumomi sun sha nanata cewa rajistar N-Power da 3MTT kyauta ce, kuma adireshin shafukan gwamnatin Najeriya yakan ƙare da gov.ng.

Takardar shaida

Ba kowace takardar da aka samu ta intanet ce masu ɗaukar aiki suke amincewa da ita ba. Takardun sana'a da gwamnati ta sani sun haɗa da na hukumar jarrabawa ta NABTEB da aka kafa a 1992, da gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, da tsarin tantance ƙwarewa na ƙasa da hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna take kula da shi. Wannan tsari na ƙarshe yana ba wanda ya koyi sana'a a wurin ubangida damar a gwada shi a ba shi shaida ko da bai je makaranta ba, amma gwajin sai an ga aikin hannunsa. A harkar kwamfuta kuwa, masu ba da aiki sun fi duba ayyukan da mutum ya taɓa yi fiye da takarda.

Muhawara kan tasiri

Binciken da aka yi a ƙasashen waje ya nuna iyakar koyo ta intanet zalla. Wani nazari na Jami'ar Pennsylvania a 2013 ya gano cewa sama da kashi 80 cikin 100 na masu bin darussanta a Coursera sun riga sun yi babbar makaranta. A 2015 John Hansen da Justin Reich suka wallafa a mujallar Science cewa a Amurka masu shiga darussan Harvard da MIT na intanet sun fi fitowa daga unguwannin masu hali. Wani binciken na 2019 a wannan mujalla ya nuna cewa kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka shiga irin waɗannan darussa a zangon 2017 zuwa 2018 suka kammala. Waɗannan sakamako suna cikin dalilan da suka sa sababbin shirye-shirye suka karkata ga tsarin haɗaka, mai malami da abokan karatu da wurin haɗuwa.

A Najeriya, alƙaluman da hukumomi suka fi bayyanawa su ne na yawan waɗanda suka yi rajista ko aka horar, alhali abin da masu nazari suke nema shi ne yawan waɗanda suka samu aiki ko kuɗin shigarsu ya ƙaru bayan shekara ɗaya ko biyu. Wasu suna ganin horo kaɗai ba ya samar da aiki idan babu jari da kasuwa da masana'antu, kuma matashin da ya ƙware a kwamfuta a ƙaramin gari yakan koma Abuja ko Kano ko Legas. Wasu kuma suna ganin aikin intanet ne kaɗai ke ba mutum damar zama a garinsu yana yi wa na nesa aiki. Akwai kuma masu ra'ayin cewa tsohon tsarin koyon sana'a wurin ubangida, wanda har yanzu shi ne ke horar da mafi yawan teloli da kanikawa da kafintoci da masassaƙan jirgi, shi ya kamata a ƙarfafa da bidiyo da waya, maimakon a nemi maye gurbinsa.

Duba kuma

N-Power
Masarautar Yauri
Tafkin Kainji
Jihar Kebbi
Yaƙi da Jahilci
Hukumar NITDA
Gungawa